Tambaya da Amsa: Ƙera akwatin ƙarfe na bayan ƙaramar tarakta

Tambayoyin wannan fitowa duk sun taru ne a kan akwatin ƙarfen da ake ratayawa a hannayen bayan tarakta don ɗaukar kaya. Masu walda da makanikan tarakta na nan Damagaram ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 30 da nake aiki da ita a garkata. Ina so mai walda ya yi mini akwati in riƙa kai takin gida da buhunan takin zamani, in kuma kwaso tumatir da albasa zuwa bakin hanya. Ni babba nake so, ko mita 2 ne, don in rage kai da komo. Wane awo zan ba shi, wane ƙarfe kuma zan saya? *Mai garka, Mirya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka je wurin masu sayar da ƙarfe, fara zuwa wurin taraktar da mita a hannunka, domin ita ce za ta yanke girman akwatin.

Akwatin nan ba shi da taya ko ɗaya. Nauyinsa da na kayan da ke ciki duk a rataye suke a bayan tayoyin baya, kuma kowane kilo da ka ƙara a can yana ɗage gaban tarakta. Wanda ya taɓa ganin amalanken da aka tara wa kaya a baya har jaki ya yi sama ya san abin da muke nufi. Ga lissafin, ka sa alƙalumman taraktarka a ciki. A ɗauka nauyinta kilo 1,200 ne, tayoyin gaba suna ɗauke da 480 daga ciki, kuma daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya santimita 160 ne. An rataya akwati da kaya, jimla kilo 400, tsakiyar nauyin tana santimita 110 a bayan tsakiyar tayar baya. Ninka 400 da 110, ka raba da 160, za ka samu 275. Kilo 275 ke nan aka ɗage daga tayoyin gaba, saura 205. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada abin da ya rage a gaba ya gaza kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta, wato kilo 240 a wannan misali. To, an riga an gaza tun ba a faɗa rami ko an hau tudu ba. Sitiyari zai riƙa juyawa tarakta tana tafiya gabanta, musamman cikin rairayi.

Sai ka duba littafin taraktar. Yawanci alƙaluma biyu ake rubutawa na abin da hannayen suke iya ɗagawa: ɗaya a bakin hannayen, ɗaya kuma a santimita 61 bayansu. Na biyun ya fi ƙanƙanta, kuma shi ne ya shafe ka, don tsakiyar nauyin akwati kusa da nan take.

Saboda haka akwati ya yi faɗi, kada ya yi nisa baya. Faɗi ba ya ture nauyi baya, tsawo ne yake turawa. Ga tarakta irin taka muna ba da shawarar faɗi santimita 120, daga gaba zuwa baya 70, zurfi 40. Idan tayoyin bayanka sun fi haka buɗewa kana iya kaiwa 140, amma kada akwati ya wuce gefen taya, in ba haka ba zai riƙa kama shinge da bakin ƙofar garka. Wannan awo yana cin kusan lita 330. Shi kansa akwatin zai kai kilo 105 zuwa 115, don haka buhu biyar na taki mai kilo 50 shi ne daidai, shida iyaka, shi ma sai an sa nauyi a gaban tarakta. Busasshen takin dabbobi kana iya cika shi. Yashi kuwa a'a: busasshen yashi cikin lita 330 ya kai kilo 500, jiƙaƙƙe ya wuce 600. Ka sa mai walda ya ja layin walda a jikin bango daga ciki, a rabin zurfi, a matsayin iyakar yashi da tsakuwa, don yaran da ke loda kaya su gani.

Awon wurin ratayawa ba a ƙirƙira shi. Tsarin hannaye uku, wato hannaye biyu na ƙasa da sanda ɗaya ta sama, wanda Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, yana da ma'aunin duniya mai suna ISO 730, kuma ƙananan taraktoci mafi yawa suna rukuni na 1. A wannan rukuni kaurin ƙusar hannayen ƙasa milimita 22 ne, ta sandar sama 19. Daga tsakiyar ƙwallon hannun dama zuwa tsakiyar na hagu kusan santimita 72, daga ƙusoshin ƙasa zuwa ta sama kuma santimita 46. Rukuni na 2, na manyan taraktoci, ƙusoshinsa 28 da 25 ne, faɗi santimita 87, tsayi 61. Duk da haka ka auna taka. Wasu ƙananan taraktocin Japan da ake kawowa na hannu, irin su Kubota da Yanmar da Iseki, hannayensu gajeru ne, ba sa buɗewa sosai, wasu ma an yi su ne don injin barje ƙasa kaɗai. Sauke hannayen har ƙasa ka auna tsayin ramin ƙwallo daga ƙasa, ka ɗaga su ƙarshe ka sake aunawa, ka rubuta duka biyun ka kai wa mai walda.

Kayan da za ka saya: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, 50 da 50, sanda biyu masu mita 6, ɗaya mai kaurin milimita 3 don gindi, ɗaya mai kaurin 4 don ginshiƙai; ƙarfen kusurwa 40 da 40 mai kaurin 4, sanda ɗaya, ko biyu idan za a yi wa ƙofar baya baki; baƙin tol mai mita 2 da 1, falle ɗaya mai kaurin 3 don ƙasa, falle ɗaya mai kaurin 2 don bango; da guntun ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai kaurin 10, faɗin santimita 8, tsawon kamar mita 1 da kwata, don kunnuwan da ƙusoshin ratayawa za su shiga. Kada ka yarda da kaurin da aka faɗa maka da baki. Ɗora shi a sikeli: fallen 3 ya kamata ya kai kilo 47, na 2 kilo 31, sandar ƙarfen kusurwa kilo 14 da rabi. Idan ya gaza da yawa, siriri aka ba ka.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni yaron shagon walda ne, ƙofofi da tagogi na saba yi. Maigidana ya ba ni wannan aiki. Daga ina zan fara, kuma ina ne ya fi bukatar kula? *Ɗan koyo, unguwar Sabon Gari, Damagaram*

Amsa: Samari, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abu na farko da za ka riƙe shi ne wannan aiki ya bambanta da ƙofa. Ƙofa tana tsaye wuri ɗaya, shi kuwa wannan zai kwana yana jijjiga da kaya a kansa.

Fara da gindi a kan daɓe mai daidaito. Yanka bututu mai kaurin 3: guda biyu santimita 120 na gaba da baya, guda biyar santimita 60. Biyu daga cikin biyar ɗin su ne gefe, ɗaya ya zauna a tsakiya daidai, sauran biyun kowanne santimita 36 daga tsakiya. Wurin waɗannan biyun ba na ado ba ne: su ne za su zo daidai ƙarƙashin ginshiƙan da hannayen tarakta za su kama, don nauyin kaya ya bi ta cikinsu kai tsaye zuwa ƙusa. Ɗiga walda kaɗan a kowace mahaɗa, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Duka biyun su ba ka kusan santimita 139. Idan sun bambanta da fiye da milimita 3, buga da guduma ka daidaita kafin ka cika walda. Cikawar ma kada ka gama kusurwa ɗaya ka wuce ta kusa da ita. Yi wannan, ka tsallaka wadda ke fuskantarta, don zafi ya ja ƙarfen daidai ta kowane ɓangare.

Sai ginshiƙai, da bututu mai kaurin 4. Biyu masu santimita 40 su tsaya a kan bututun gaba, daidai bakin waɗancan biyun na ciki. Na tsakiya santimita 75. A saman gajerun ka haɗa su duka da bututu a kwance, shi ne bakin bangon gaba, sannan daga kusa da kan dogon ginshiƙi ka sauko da bututu a karkace dama da hagu zuwa kan gajerun.

Yanzu ga inda akwatuna da yawa suke mutuwa. Idan aka ɗaga kaya, sandar sama tana jan kan ginshiƙi zuwa wajen tarakta, kaya kuma suna danna gindi ƙasa, wato kusurwar da ke tsakanin ginshiƙi da gindi tana son buɗewa. Da kilo 400 wanda tsakiyarsa take rabin mita bayan ƙusoshin ƙasa, jan da ke kan sandar sama ya kai kusan kilo 430 tarakta tana tsaye, idan kuwa ta faɗa rami zai iya ninkawa. Walda kaɗai a gindin ginshiƙi ba za ta jure wannan ba. Sa ƙarfe mai kusurwa uku, kaurin milimita 6, santimita 15 da 15, a gindin kowane ginshiƙi daga ciki. Sannan ka ja ƙarfen kusurwa ko shimfiɗaɗɗe 50 da 6 daga kan dogon ginshiƙi zuwa bakin bangon gefe, dama da hagu, kamar santimita 45 daga gaba. Zai ɗan tare wurin loda kaya, mai akwati ma zai iya cewa a cire. Kada ka cire.

Kunnuwa guda shida ne, bibbiyu a kowane ginshiƙi, ɗaya a kowane gefensa. Tunda bututun 50 ne, tsakanin kunne da kunne zai zama milimita 50, ya ishi ƙwallon hannun ƙasa mai faɗin 35 da na sandar sama mai faɗin 44. Na ƙasa tsawon santimita 15, na sama 22. Ramin na ƙasa milimita 22 da rabi ko 23, na sama 19 da rabi ko 20, kuma a bar aƙalla santimita 2 na ƙarfe tsakanin bakin rami da bakin kunne. A na sama huda rami uku a jere, tazarar santimita 5, na tsakiya a santimita 46 daga ƙusoshin ƙasa, don a samu damar gyara zaman akwati. Haɗa kunnuwa bibbiyu ka ɗiga musu walda ka huda su tare, ka fara da bakin huji 6, sai 12, sai 18, sai na ƙarshe, a hankali da ɗigon mai. Idan injin hujinku ba zai iya ba, kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ƙona rami da sandar walda: ramin ba ya zama zagaye, ƙusa tana taɓa wuri ɗaya kawai, nan da nan ya zama ƙwai, akwati ya riƙa bugawa.

Ramin ƙasa ya zauna santimita 25 daga ƙasa idan akwati yana ajiye, sai dai in awon taraktar ya nuna wani abu dabam. Idan ya yi ƙasa da yawa hannaye ba za su kai ba, balle akwati ya ɗan nutse a rairayi. Idan ya yi sama da yawa kuma, ka cinye tsayin ɗagawa. Kafin ka kama kunnuwan ƙasa, zura miƙaƙƙiyar sanda mai kaurin 22 ta cikin ramuka huɗun gaba ɗaya. A haka ka ɗiga musu walda, ka kai akwatin wurin tarakta a gwada, a ɗaga shi ƙarshe a ga bai taɓa taya ko sandar jan tirela ko murfin sandar juya injuna ba. Sai komai ya yi daidai za ka cika. Idan dole ka ɗiga walda akwati yana jikin tarakta, cire wayoyin batir, ka maƙala wayar ƙasa a jikin akwatin kusa da inda kake aiki, kuma akwatin yana zaune a ƙasa ko a kan kututture. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashinsa idirolik, wato ƙarfin man da ke ɗaga hannayen, kaɗai yana riƙe da shi.

Tol shi ne ƙarshe. Daga fallen 2 ka fitar da dogaye biyu masu faɗin santimita 40, kowanne ya ba ka 120 da 70, bango huɗu ke nan daga falle ɗaya. Kada ka bi tol da walda ɗaya doguwa, zai yi tumbi. Yi santimita 3 zuwa 4, ka tsallake 15, ka bari ya huce. Sandar walda 6013 mai kaurin 2.5 a ampiya 60 zuwa 80 ta isa tol. Bututu da bututu 3.2 a ampiya 100 zuwa 120. Kunnuwa da ƙarafan kusurwa uku sun fi son 7018 mai kaurin 3.2 a ampiya 110 zuwa 140, in injinku yana jan ta, kuma ta kasance a bushe, don idan ta sha laima waldarta ramuka take yi. Gurza gefen kunne ya yi gangare kafin walda don ta shiga ciki, ka yi zubi biyu ko uku, kana kankare ɓawo tsakani. Kuma waldar kunnuwa a yi ta lokacin da wuta take da ƙarfi. Idan sanda tana manne wa ƙarfe, walda tana taruwa a sama ba ta narke ciki ba, dakata da kunnuwa ka yi wani aikin. Toshe bakin kowane bututu, ka huda rami milimita 12 a kusurwoyi huɗu na ƙasan akwati don ruwan sama ya fita.

Ƙofar baya mafi sauƙi ita ce wadda ake zarewa sama: guntayen ƙarfen kusurwa bibbiyu a kowane gefe su yi mata hanya, da ɗan wasa na milimita 5 don ƙasa kada ta cije ta.

Tambaya: Ƙarfe sabo ya yi tsada. Ina da tsoffin sifirin na mota da rodi da duro biyu. Ba za su yi ba? *Manomi, Matamai*

Amsa: Malam, tsohon ƙarfe yana yi, amma waɗannan ukun kowanne da matsalarsa. Sifirin ƙarfe ne mai tauri ƙwarai. Idan aka yi masa walda ya huce da sauri, gefen waldar yana zama mai gautsi, ya tsage ba tare da ya lanƙwasa ya gargaɗe ka ba. Kada a yi kunne da shi. Rodi kuma kada ya zama ƙusar ratayawa: kaurinsa ba daidai ba ne, ƙurajensa suna cin rami, kuma ba ka san irin ƙarfen da aka narka aka yi shi ba. Sayi ƙusoshi na gaskiya da makullansu masu zobe wurin masu kayan tarakta, ko a sassaƙa maka daga sandar ƙarfe mai kyau. Waya ko ƙusar kafinta ba makulli ba ce. Idan ta karye hannu ɗaya ya zame, akwati zai murɗe ɗaya hannun. Duro ya yi siriri ga ƙasan akwati, kuma in ya taɓa ɗaukar fetur ko wani mai, kada a sa masa wuta ko injin gurza, don tururin da ya rage ciki yana fashewa ko da an daɗe da juye shi. Abin da yake da amfani a wurin ƴan tsohon ƙarfe shi ne guntayen ƙarfen gini masu kauri da bututun da tsatsa ba ta ci cikinsa ba. Buga shi da guduma: mai lafiya yana ƙara, ruɓaɓɓe yana loɓawa. Farin bututu mai rufin zinki kuwa, a gurje rufin kafin walda kuma a yi a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Tambaya: Nawa akwatin ya tsage a gindin ginshiƙin tsakiya. Sau biyu ana liƙe shi yana sake tsagewa a gefen sabuwar waldar. *Alhaji, Magarya*

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ana rufe tsagar ne ana barin abin da ya kawo ta, wato ginshiƙin shi kaɗai yake ɗaukar jan sandar sama. A gurje tsohuwar waldar duka, a nemo ƙarshen tsagar, a huda ɗan rami milimita 5 a kowane ƙarshe don ta tsaya, a buɗe ta da injin gurza ta yi kwari, a cika. Bayan haka a sa ƙarfen kusurwa uku a gindi da ƙarafan da ke tafiya daga kan ginshiƙi zuwa bangon gefe, kamar yadda muka faɗa a sama. A manna su a gefen bututu inda bangonsa yake tsaye. Idan aka manna a tsakiyar fuskarsa, fuskar ce za ta riƙa lotsawa har ta sake yagewa. Idan bututun bai kai kaurin milimita 3 ba, gara a yanke shi a sa sabo.

Tambaya: In na loda kaya, akwatin yana sauka da kansa a kan hanya, wani lokaci kuma ya riƙa hawa da sauka. Laifin akwati ne? *Direban tarakta, Gidimuni*

Amsa: A'a ɗan'uwa, abubuwa biyu ne, kuma duka a jikin tarakta suke. Hawa da sauka yana nuna kana kan saitin huɗa, wanda yake jin ja ko turi a sandar sama ya gyara zurfin garma. Akwati yana girgiza, shi kuma yana ta amsawa. Mayar da ita saitin tsayawa wuri ɗaya. Sauka a hankali kuwa mai ne yake zurarewa ta ciki, galibi robar fistin ɗin ɗagawa ta cinye ko bawul ba ya rufewa sosai, kuma ya fi tsananta a zafin Afrilu da Mayu da man ya tsinke. Gwada haka: ɗaga kaya, kashe inji, auna tsayin akwati daga ƙasa, ka sake aunawa bayan minti 10. Idan ya sauka da yawa, aikin makanike ne. Duba yawan man da matacinsa ma, ƙurar hunturu tana toshe shi. Ƙananan taraktoci da yawa suna da wani maɗauri a ƙarƙashin kujera, tsakanin ƙafafun direba, mai rage saurin sauka. Idan ka ɗaure shi ƙarshe yana kulle hannayen yayin tafiya, sai ka tuna ka kwance kafin ka sauke. In kuma ka ji idirolik yana kuka kaya ba su tashi ba, nauyin ya fi ƙarfinsa, rage kaya, kada wani ya ce zai ƙara matse bawul.

Wajen tafiya, akwati ya yi santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa kawai, sarƙoƙin gefe a ɗaure don kada ya riƙa kaɗawa yana bugun taya. Kayan da suka fi nauyi su zauna gaba kusa da tarakta. Idan gaba ya yi sako-sako, sa nauyi a gabanta: a misalin da muka bayar, kilo 60 da aka ɗaura santimita 40 gaban tayoyin gaba yana mayar musu da kilo 75. Fitowa daga kwari mai gangare da kaya, da baya ake hawa. A kan kwalta haɗa birkin dama da na hagu wuri ɗaya, kuma ka manna jan kyalle mai ƙyalli a bayan akwati, don kaya suna rufe fitilun baya.

Tambaya: Za a iya yin sa mai juye kaya da kansa? *Mai sayar da yashi, Takeita*

Amsa: Ana yi, ba sai da idirolik na dabam ba. Sai a raba aikin biyu: ginshiƙai da hannaye biyu a kwance su zama jiki ɗaya, akwati kuma ya zauna a kansu a kan ƙusa mai kaurin milimita 25 da ke juyawa cikin guntun bututu mai kauri, da giris. Wurin ƙusar shi ne komai. Ta zauna santimita 3 zuwa 5 gaba da tsakiyar akwati, ta wajen tarakta, don in an saki makama kaya su rinjaya baya. Idan ta matso gaba da yawa, akwati zai kife da ƙarfi ya fizgi tarakta. Idan ta yi baya, ba zai juya ba. Sa makama mai sifirin a gaba da igiya zuwa wurin direba, da sarƙa mai tsayar da juyin, da ƙusar kulle don tafiya. Yana komawa mazauninsa ne idan ka sauke shi ƙasa ka ɗan ja gaba. Ka sani wannan tsari yana ƙara kilo 30 ko fiye, wanda daga kayanka za a cire. Idan kana son ɗiba da baya, sa ƙarfe mai kaurin 8 zuwa 10 a bakin ƙasa a gurza shi, amma a sassauƙan tari kawai. An yi hannayen tarakta don ja ne, idan ka afka wa ƙasa mai tauri da baya za su lanƙwashe.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata tana da garka, ruwa kuma yana da nisa. Za mu iya ɗaukar duro a ciki? Kuma in za mu koma gida, mata biyu ko uku za su iya zama ciki? *Shugabar ƙungiya, Kance*

Amsa: Hajiya, Allah ya taimaka. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka duro mai lita 200 cikakke yana cikin iyaka. A kwantar da shi a gicciye a jikin bangon gaba, a tare shi da katako, a ɗaure. A cika shi taf, domin rabin duro ya fi cikakke haɗari: ruwan yana tafiya gefe guda a kwana ya ja tarakta. Jarkoki masu lita 25 sun fi sauƙi, takwas zuwa goma.

Maganar mutane kuwa, muna roƙonku kada a yi, ko babba ko yaro. Wanda ke ciki yana dab da tayoyin baya, direba ba ya ganinsa, zane ko mayafi yana iya shiga taya, kuma in makullin ƙusa ya fita ko hannun direba ya taɓa sandar saukewa, akwatin faɗuwa yake yi lokaci guda. Haka kuma kada a ɗaura igiya a jikin akwati ko a wurin sandar sama don jan motar da ta kafe ko kututture. Jan da aka yi daga sama yana tayar da gaban tarakta ta kife da baya cikin ƙiftawar ido. Sandar ja ta ƙasa ita kaɗai aka yi don haka.

Tambaya: Tawa taraktar mai taya biyu ce, wadda ake bi a ƙasa. *Mai karatu, Dungas*

Amsa: Ba ta da hannayen ɗagawa, Malam, wannan akwati ba nata ba ne. Ƙaramar tirela mai tayoyinta da birkinta ita ce za ta yi maka.

Tambaya: Ƙasan akwatina ya huje, alhali bai daɗe ba. Garinmu kuwa ba yawan ruwa gare shi ba. *Manomi, Tanut*

Amsa: Taki ne ya ci shi, Malam. Takin zamani kamar gishiri yake, yana jawo laima daga iska, ɓurɓushinsa da ya maƙale a kusurwa yana cin ƙarfe dare da rana. Ɗanyen takin dabbobi ma haka. Yanke wurin da ya ruɓe a sa tol mai kaurin 3. Sannan a kankare tsatsa da ɓawon walda da buroshin waya, a goge maiƙo, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu, na biyu bayan na farko ya bushe sarai, sai fentin sama. A yi da safe a inuwa, ranar da ba ƙura, don ƙarfen da ya sha rana yana busar da fenti kafin ya kama. Bayan kowane ɗaukar taki a share, a watsa bokitin ruwa, a bar shi ya bushe. Shimfiɗa tsohuwar leda ko buhu kafin loda ɗanyen taki yana taimakawa, in dai za a cire bayan an gama. Da damina a ajiye shi a kan duwatsu huɗu, bayansa ya ɗan yi ƙasa, ƙofar a zare, a kuma riƙa tsokane ramukan fitar ruwa da waya, don laka tana toshe su. Idan za ka ɗauki hatsi ko kayan miya bayan taki ko maganin feshi, wanke shi da sabulu tukuna, kuma kada a shafa masa baƙin mai daga ciki.